A Kauce da Yara

Da yammacin wata Laraba na ɗauki bokiti na nufi lambu don in ba alayyafona ruwa. Lambun yana bayan gidana a Sharada, katanga ɗaya ce tsakaninsa da babbar kwatar da kamfanoni ke sako ruwansu. A tsakiyarsa akwai ɗan kududdufi da marigayi maigidana ya haƙa ya shafe da siminti. Zurfinsa bai wuce gwiwa ba. A ciki nake kiwon tarwaɗa, da ruwansa nake ban-ruwa.

A wannan shekarar ruwan ya juya mini. Ya fara yin kore, ya koma baƙi, yana warin fatar da aka jiƙa aka manta da ita. Tarwaɗata suka dinga tasowa ciki a sama. Na kwashe ruwan na zuba sabo, kafin mako ya sake baƙi.

Abin da ya ɗaure mini kai, kifin da na saya ya mutu, amma wanda ban saya ba ya zo. Gaiwa na gani, manya, kwance a ƙasan siminti inda babu taɓon da za su fito daga ciki. Kwaɗi suka cika bakin ruwa. Wani guza ya tare a gindin gwanda, in na kore shi sai ya dube ni kamar ni ce baƙuwar.

Ban yi boko ba, amma ba a yi mini wayo. Na san rafin da ke can ƙasa ya daɗe da mutuwa. Wanda aka ƙona wa gida, dole ya nemi wani.

Lidiya, 'yar Kagoro da ke haya a ɗakina na waje tana aiki a kamfanin roba, ta ce a garinsu ba a taɓa ruwan da ya yi baƙi da kansa. Ɗana Usaini ya yi mata dariya, ya ce ni da ita duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Usaini a kamfanin jima yake aiki a Challawa. Hassan ɗinsa ya rasu tun suna goye, shi kaɗai ya rage mini.

Ranar Larabar nan na tarar da shi a bakin kududdufin da ɗan buhun soda, irin wadda ke zare gashi daga fata. Ya ce zai zuba ta kashe komai, gobe a wanke a huta.

Na ce masa ba da magariba ba, kuma ba a zuba abu mai ƙuna sai an yi sanarwa. Ko ruwan zafi uwata za ta zubar a tsakar gida, sai ta ce, "Bismillah, a kauce da yara," ta ɗan dakata, sannan ta watsa. Ba mu kaɗai ke da 'ya'ya a ƙasar nan ba.

"Inna, kwaɗo za ku yi wa sallama?" in ji shi.

Na ce ya ajiye buhun ya wuce masallaci. Ya ce to. Na san irin wannan to ɗin, amma an fara kiran salla, na koma ciki.

Ina tsakiyar alwala kukan kwaɗin ya ɗauke.

Ba raguwa ya yi ba. Ɗif ya yi, kamar an toshe musu baki da hannu ɗaya. Har ƙugin injin kamfanin da ke bayanmu sai na ji ya yi nisa.

Na ajiye buta. Na fita babu takalmi.

Warin ya tare ni tun daga ƙofar lambu. Ba warin fata ba ne yanzu. Ƙaurin gashi ne.

Buhun yana yashe a baki, rabinsa babu. Ruwan yana tafasa a hankali, yana fitar da farin kumfa. Usaini yana tsaye a tsakiya, ya ba ni baya.

Ruwan ya kai masa ƙugu.

Ni na riƙe wa ubansa igiya ranar da ya auna ramin nan. Gwiwa ne.

Na kira sunansa. Bai juyo ba. Guzan nan ya fito ya kwanta a tsakanina da ruwan.

Sai aka yi magana. Daga bakin Usaini ta fito, amma muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tashin jariri.

"An kore mu daga rafi. An kore mu daga kwata. Nan ma?"

Na dafa gwanda. Na ce a raina, Rakiya, in kika faɗi, kin binne na biyu.

Ruwan ya kai masa ƙirji.

Na ji numfashin Lidiya a bayana, tana kiran sunan Allah da yarensu. Ban juya ba. Na raɗa mata ta janyo tiyon tankin ruwan gidanmu ta buɗe shi duka. Na ji ƙafafunta sun tafi.

Na buɗe baki, abin da ya zo mini shi ne maganar uwata.

"Bismillah. A kauce da yara."

"Kin makara," in ji muryar. "Ɗaya ya ƙone."

Can ƙasan ruwan wani abu ya yi kuka. Siririn kuka, na wanda bai iya magana ba tukuna.

Ruwan ya kai masa wuya.

Tiyon ya faɗo kusa da ƙafata. Na ɗauka, na tsallake guzan, na saki ruwa mai daɗi a daidai inda kukan ke fitowa. Kumfan ya fara malala ta baki. Na ce wa mai muryar:

"Ke uwa, ni uwa. Naki yana da rai, ina jin kukansa, ga ruwa ina wanke masa. Kududdufin na bar muku. Ɗan nan nawa ne."

Kukan ya ragu. Ya koma shessheƙa.

Ruwan ya taɓa masa leɓe.

Sai kwaɗo ɗaya ya yi kuka.

Usaini ya yanke jiki ya faɗi, sai ga shi a ruwa iya gwiwa. Ni da Lidiya muka kama rigarsa muka finciko shi, muka juya tiyon a kansa. Fatar ƙafafunsa tana saluɓewa.

A asibiti suka ce ƙunar soda ce, kuma gaskiyarsu. Sun dai kasa gane yadda aka yi ya jiƙe har wuya amma ƙunar ta tsaya a gwiwa. Ban taya su ba.

Ya warke da tabo. Yanzu ko ruwan shayi zai zubar sai na ji yana motsa baki. Ni kuma na daina kiwon kifi. Kullum kafin magariba nakan zuba bokitin ruwa mai kyau a kududdufin in juya. Ruwan ya washe da kansa. Akwai wata 'yar gaiwa mai farin tabo a gefe, tana girma.

Bara da damina, jikokina biyu suna wasa a jikin katangar lambu, ina tsinkar alayyafo. Kwaɗin suka ɗauke. Daga bakin ruwa aka ce, a hankali:

"Rakiya. A kauce da yara."

Ban tsaya tambaya ba. Na sunkuci ɗaya, na ja ɗaya. Muna kaiwa ƙofa katangar ta rufto, baƙin ruwan kwata ya shanye inda suke zaune.