Motar da Anwar Ya Ƙi Sallamawa

Na zagaye motar ina taɓe baki, na ƙwanƙwasa ƙofarta da ɗan yatsa, na leƙa ƙarƙashinta kamar na san abin da nake nema, sannan na ɗago na ce wa saurayin da ke tsaye motar nan ta ga duniya.

"Ta gani kam," in ji shi. "Amma ba ta taɓa ganin wanda yar raina ta awa ke ba."

Dariya ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye abata. Na tambayi kuɗinta, ya ce miliyan shida da rabi. Na ce huɗu.

"Albarka, Malama."

A sanyaye ya faɗa, yana murmushi sai ka ce alheri na yi masa. Na juya na kama hanyar fita ban waiwaya ba, alhali zuciyata na can manne da 'yar motar nan ruwan toka, 'yar Kwatano, mai kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba.

Sunana Rumaisa'u. Ungozoma ce ni a wani ɗan asibiti a Zurmi, gidanmu kuma yana Ƙaura Namoda. Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba a son yamma ta riski mutum a kanta. Motar haya kuwa ba ta tashi sai ta cika, ko da kana kallon rana tana sunkuyawa. Ran da na gaji, sai na kwashe adashina, na sa Kawu Maitama ya sayar mini da shanuna da ke hannunsa a Shinkafi, na ce ni ma mota zan saya.

Shi Kawun nan ƙanen Innata ne, dillalin shanu, kuma a gidansa na yi hutun makaranta duk ƙuruciyata. Shi ya koya mini ciniki. Abin da kike so, ki kushe shi. Kada idonki ya tona wa cikinki asiri. In kin juya kada ki waiwaya, mai kaya ne zai kira ki. Wallahi na riƙe karatun nan fiye da yadda na riƙe na makarantar ungozoma.

To, mai kaya dai bai kira ba. Ni ce na koma, ran Asabar, da makaniki da ƙawata Nazifa.

A ranar na san sunansa Anwar, kuma motocin ba nasa ba ne, na ubangidansa ne Alhaji Alhassan, shi la'ada kawai yake samu. Makaniki ya gano shokozoba, ƙarfen nan mai tare girgizar hanya, ta fara sanyi, na kama wannan na yi ta ɗaga murya a kai. Maimakon ya musa, sai Anwar ya ja mu baya ya nuna mana inda aka taɓa yi wa ƙofa fenti, wurin da ko makanikin bai lura da shi ba. Ya ce gara in ji daga bakinsa da in ji daga bakin rana nan da wata shida. Na tsaya ina kallonsa. Ban taɓa ganin dillalin da ke taya mai saye kushe kayansa ba.

Daga nan ciniki ya zama na kowace Asabar. Ya sauko kaɗan, na hau kaɗan. In na ce tayoyin sun suɗe, ya ce zai sauya na gaba. In ya ce dala ta tashi, in ce ai ba a Amurka zan tuƙa ta ba. Mukan fita gwaji da Nazifa a baya, ya sa ni yin ribas a filin makaranta har sai na daina hawa kan duwatsun da ya jera. Zoɓo mai sanyi kuwa kullum yana jirana a ƙarƙashin darbejiya. A haka muka kai inda dubu ɗari kacal ta rage tsakaninmu, a nan kuma muka cije, kowa ya ƙi motsi.

Wata Asabar Nazifa ta tafi amsa waya, na ce masa shi dai mutum ne mai taurin kai.

"'Yar Malam," in ji shi, bai kalle ni ba, "in nis sallama miki motag ga, mi zai sake kawo ki nan?"

Na juyo na kalle shi.

"Ashe da gangan kake..."

"Ke ma dubu ɗarin na cikin jakarki. Na sani."

Gaskiya ya faɗa, tana ciki tun makonni. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, ya ce tun ran da na leƙa ƙarƙashin mota ina duba inda babu komai ya san ya shiga uku. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Son da in na tuna shi a wurin aiki sai abokan aikina su tambaye ni abin da nake wa murmushi.

Bai yi wasa ba, ya turo manyansa gidanmu. Mahaifina, Malam Tijjani, tsohon alƙali ne, yanzu yana karantar da fiƙihu a zaurensa. Da ya ji sana'ar sai ya ɓata rai, ya ce dillalan mota rantsuwa ce jarinsu, shi kuwa bai reni 'ya don ta ci daga rantsuwa ba. Bai kore su ba, ya ce dai a dakata. Bayan sun tafi ya kira ni gaban Inna, ya tambaye ni yaya nake ganin yaron.

A nan na tafka ta.

Kunya ta taru da karatun Kawu suka rufe ni. Na ji bakina yana cewa ai surutu gare shi, ga shi siriri kamar sandar makiyayi, ni cinikin mota kawai ya haɗa mu. A tunanina Malam zai gane, kamar yadda duk dillalin Shinkafi ke ganewa, cewa mai kushe saniya ita ya zo saye. Na manta alƙali da abin da aka furta yake hukunci. Inna ta zabga mini harara, shi kuwa Malam ya gyaɗa kai ya ce to madalla, magana ta zo da sauƙi.

Ba a yi mako ba Yaya Shamsuddeen ya shigo da tasa maganar neman aurena. Ɗan wan Malam ne, ma'aikaci a sakatariya, mai ƙamshin turare da takalmi mai ƙyalli, kuma ya daɗe yana zagaye na ina yi kamar ban gane ba. Malam ya ce masa ƙofa a buɗe take in yarinya ta yarda. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan da ban san wa zan ɗora wa laifinsa ba, don ni na yanka ni na gasa.

Yaya Shamsu ba wawa ba ne, ya san inda Asabar ɗina ke ƙarewa. Sai ya wuce kai tsaye wurin Alhaji Alhassan ya taya motar miliyan bakwai, fiye da kuɗin da aka sa mata tun farko, wai zai kawo mini ita toshi. Lissafinsa mai sauƙi ne: mota ta bar filin, zuwana ya ƙare, kuma kowa ya ga dillali ya bi kuɗi. Alhaji ya ce a kawo makulli. Anwar ya ce akwai ciniki a kanta. Alhaji ya ba shi zuwa Juma'a, ko ya sayar ko ya nemi wani ubangidan.

Duk wannan Anwar bai gaya mini ba. Daga bakin Nazifa na ji, don shagon mijinta na kallon filin. Na kira shi ina faɗa, ina cewa aikinsa zai rasa a kan taurin kai, ya bari na gama sannan ya tambaye ni ko na fasa ne. Na soma kame-kame. Ya ce to shi ma bai fasa ba, in je in ci abinci.

Da Yaya Shamsu ya ga haka sai ya kai ƙara zaure, ya ce yaron ya mai da mota tarko yana jan 'yar mutane da ita. Ran Alhamis da hantsi Malam ya zura babbar riga, ya leƙo tsakar gida ya ce in ɗauko mayafina.

Mun tarar da su duka a filin, Alhaji a kan kujera yana kaɗa carbi, Yaya Shamsu ya riga mu isa. Anwar na ganin Malam ya cire takalmi ya durƙusa. Duk surutun nan nasa ya gudu, har na ji tausayinsa.

Malam bai zauna ba. Ya tambaye shi ko gaskiya ne an ba shi bakwai ya ƙi.

"Gaskiya ta, Allah shi gafarta Malam. Akwai ciniki a kanta, kuma mai cinikin ba ta ce ta hwasa ba."

Malam ya dube shi ta saman tabarau, irin duban da yake wa ɗalibin da ya ɗauko karatun da ya fi ƙarfinsa. Ya ce hukuncin nan ba haka kawai yake ba. An hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa ne in ɓangarorin biyu sun riga sun karkata ga juna. In kuwa tayi ne da albarka kawai, to kasuwa a buɗe take, kowa na iya ƙarawa.

"Ni dai nawa ɓangaren ya karkata tuni," in ji Anwar. "Saura nata."

Sai Malam ya juyo gare ni.

"Ke, kina son motag ga ko ba ki so?"

Kun san hali zanen dutse. Na buɗe baki na ji ina cewa ai shokozobarta...

"Ba shokozoba nit tambaye ki ba, Rumaisa'u." Bai ɗaga murya ba. "Rannan na tambaye ki, kin ba ni amsa, na ɗauka, don ni magana nika ɗauka. Yau ma abin da kic ce shi za ni ɗauka. A kan motar, da kuma a kan yaron ga da ad durƙushe."

Kowa ya zuba mini ido. Carbin Alhaji ma ya tsaya. Na dubi Anwar, kansa na ƙasa, ƙafafunsa cikin ƙura ba takalmi, mutumin da ya sa abincinsa a kan kalmar da ni na kasa furtawa. Na ji kunyar kaina ta fi kunyar Malam.

"Ina so, Malam." Da ƙyar ta fito. "Motar ina son ta tun ranar farko. Shi kuma... na fi son shi da motar. Abin da na faɗa maka rannan ba haka yake ba, ka yafe mini."

Na ja mayafi na rufe fuska, hawaye na zuba. Ta ƙasan mayafin na ji Malam yana yi wa Yaya Shamsu magana a hankali, ba faɗa. Ya ce ya ji da kunnensa, kuma ya san inda aka hana ciniki a kan ciniki, nan aka hana nema a kan nema. Ya ce laifin ba nasa ba ne, ba na Malam ba ne, na mai bakin da ya ƙi faɗin gaskiya ne, Allah ya ba shi wadda ta fi ni. Yaya Shamsu ya ce amin, ya shiga motarsa. Ya fi wata bai gaishe ni ba, daga baya dai ya huce.

Sai Malam ya ce a ƙarasa ciniki yanzu a gabansa, ya gaji da jin labarin motar nan.

Ga ni na riga na tona cikina a gaban mai kaya, ko nawa ya ce ba ni da bakin ragi. Anwar ya ɗago ya ce ya sallama a yadda na taya. Na ce a'a, zan cika dubu ɗarin. Ya ce ba zai karɓa ba. Muka koma gardama a juye, shi yana ragewa ni ina ƙarawa, har Alhaji Alhassan ya fashe da dariya ya ce shekarunsa a sana'ar nan bai taɓa ganin irin wannan ba. Malam ya ce a raba ta biyu. Anwar ya ce wa ubangidansa ya riƙe la'adarsa ta rage masa asara, Alhaji ya yi ɗan ƙunƙuni a kan miliyan bakwai ɗin da ta wuce shi, sannan ya ce Allah ya sa albarka, ya kuma ce wa Anwar ya sa takalminsa, gobe akwai aiki.

Ciniki ba ya ƙulluwa sai an sha hannu, ni kuwa ba zan miƙa wa Anwar hannu ba. Malam ne ya miƙa nasa a madadina. Anwar ya kama da hannu biyu yana sunkuye.

Malam bai saki ba.

"Wanda yab bar riba don kalma," in ji shi, "ba ni jin tsoron ba shi amana. Ka ce ma manyanka su dawo."

Ni na tuƙo mu gida, Malam na kujerar baya ya dafe ƙofa yana ta salati, don ina tuƙi idona bai bushe ba. A ƙofar gida, kafin ya fita, ya ce in shiga in gaya wa Inna da bakina, kuma wannan karon in faɗa mata yadda abin yake.

An ɗaura aurenmu bayan ƙaramar salla. Motar dai da sunana take, kuma har yau in Anwar zai fita da ita sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Ranki shi daɗe, a ara mini." Ban taɓa hana shi ba, amma ban taɓa ba shi da wuri ba.