Motar da Ba Ta Sallama

Ku matso kusa. Ke Nusaiba, kife wayar nan, wannan labarin ba ya son haske. Wanda ya san shi matsoraci ne kuma ya tashi tun yanzu, kada in fara ya ce a raka shi banɗaki.

Kun san Kawu Tanimu na bayan masallaci, wanda ake ce masa ya taɓu? To, da ba haka yake ba. Direba ne na gaske. Shekara ashirin yana jan wata tsohuwar bas, wadda tun tana bakin gari ake jin tarinta. Da ta mutu murus, ya yi wata goma sha huɗu a zaune. Har matarsa ta daina tambayarsa ina za shi in ya sa takalmi.

Sai wani kamfanin haya ya kawo motocin lantarki, masu caji kamar waya, ya ɗauke shi gwajin wata guda. Manajan, wani Lurwanu, ya kafa masa sharaɗi ɗaya tak. Mota ta shiga gareji kafin ƙarfe bakwai na yamma a jona ta. Latti uku, ka ajiye makulli.

Tun ranar farko motar ta ƙi kwanta masa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba girgiza. Ka taka ta, sai ta sulale kamar kyanwa. A jikin madubin gefe kuma akwai wata 'yar fitila rawaya. In babur ko mutum ya shiga wurin da madubi ba ya kaiwa, nan daidai ƙofar baya, sai ta kama tana ƙiƙ-ƙiƙ. Wanda ya koya musu motar ya ce fitilar taimako ce kawai, kafin a karya kwana dole a juya wuya a duba da ido. Tanimu ya gyaɗa kai, a ransa kuwa tsaki ya yi. Shi za a koya wa duba hanya?

Hanyar komawarsa ta Kwanar Karofi ce. Kun san wurin. Ramukan rini ne sun fi talatin, an bar su tun zamanin kakanninmu, duk ciyawa ta rufe bakinsu. Daga nan ake karyawa hagu a hau kwalta.

Ranar Litinin, dab da magariba, ya sa sigina. Fitila ta kama. Ƙiƙ-ƙiƙ. Ya duba madubi, ba kowa. Ya duba allon kyamara, ba kowa. Ya taka abinsa. Sai ya ji tayar baya ta hau wani abu ɗan ƙarami, kamar ɗanyen mangwaro. Motar ta take birki da kanta, ta ƙi motsi har kwatan awa guda. Ya sauka ya leƙa ƙarƙashi, ko tsinke babu. Latti ɗaya.

Talata, haka. Latti biyu.

Bakanike ya jona mata kwamfuta ya ce lafiyarta ƙalau. Lurwanu ko ɗago kai bai yi ba.

"Malam Tanimu, in motar ta fi ƙarfinka ka faɗa. Mutum tara ke jiran makullin nan."

Takaici ya ishe shi. Ga shi bai yi laifi ba, ga shi ba wanda zai yarda. Da safiyar Laraba ya zauna ya yi ta danne-danne a allon har ya gano inda ake kashe gargaɗin. Ya kashe fitilar, ya kashe birkin nan da take takawa da kanta. Ya ce yau sai ya ga uban da zai tsayar da shi.

Bakwai saura ashirin ya iso karofi. Batir saura kaɗan. Rana ta yi ja. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Sai wata ƙara daban ta tashi. Ding. Ding. Ya kalli allo. Motar tana cewa mutumin da ke kujerar baya bai ɗaura bel ba.

Shi kaɗai ne a motar.

Ya ɗaga ido ya kalli madubin tsakiya. Kujera fayau. Amma motar ta cika da wani wari, warin baba da toka, irin na tsohon rini.

"Tsaya."

Muryar tsoho ce, a hankali. Sai dai ba daga baya ta fito ba. Daga ƙasa ta fito, kamar mai magana daga cikin rijiya.

Ƙafarsa ta taka birki tun kafin ya yanke shawara.

"Wa... wane ne?"

"Madubi kake tambaya? Ba zai gaya maka ba. Juyo."

Ya juya. Wuyansa har ƙas ya yi, don rabonsa da irin wannan juyin a mota ya manta.

Tsoho ne siriri, da rawani baƙi. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu. Tanimu ya sauke ido don ladabi, kuma da bai sauke ba da ya fi masa. Dugadugan tsohon ne ke kallon gaba. Yatsun suna ƙarƙashin kujera.

"Baba, don Allah. Minti goma sha biyar ya rage mini."

"Ba ka sallama."

"Na'am?"

"Tun da aka yi hanyar nan, duk motar da za ta wuce sai ta yi gyaran murya daga nesa. Mu ji, mu kwashe yara. Mai keke yana da ƙararrawa. Mai jaki yana tari. Taka motar kuwa sai dai a gan ta a kanka."

"Baba, haka aka ƙera ta. Ni me zan yi?"

"Ita ta gan mu. Sau biyu tana gaya maka. Ka toshe mata baki."

Tanimu ya kalli allon da ya yi wa danne-danne.

"Ka sa sigina za ka hagu," in ji tsohon. "To duba hagun. Ba da gilashi ba."

Ya kalli madubin gefe tukuna, don sabo. Hanya wayam. Sannan ya juya wuya, ya leƙa ta kan kafaɗarsa.

Suna nan. Jikin ƙofar baya suke, har zanensu na gogar fenti. Mata ne, layi guda, kowacce da jiƙaƙƙen zane shuɗi a ka, ruwa na ɗiga, amma ƙasa ba ta jiƙa. Daga ramuka suke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Suna zagayo motar ta gefensa, su tsallaka ta daidai inda zai karya. Yara na riƙe da gefen zanensu. Ba mai magana.

Can a tsakiya ga wata 'yar yarinya, ba ta wuce shekara huɗu ba. An naɗe mata ƙafa da tsumma. Tana ɗingishi. Da ta zo daidai tagarsa sai ta tsaya, ta kalli taya, ta kalle shi. Uwarta ta ja ta.

"Jikata ce," in ji tsohon. "Ran Litinin."

Agogon allo ya nuna bakwai saura takwas. In ya taka yanzu, zai kai.

"Su nawa ne suka rage, Baba?"

"Da yawa. Shanya za su."

"Aikina ne. Wallahi wata goma sha huɗu na yi ba..."

"Ba wanda ya riƙe ka. Motar ma ba za ta hana ka ba, ka gama da ita. Taka, in za ka iya."

Ya mayar da ido kan madubi. Ba kowa. In da madubi zai tuƙa, ai hanya tasa ce. Ya tuna murnar matarsa ranar da ya shigo da makulli, har guɗa ta yi. Ya tuna fuskar Lurwanu. Hawaye ya zubo masa, don haushi, ba don tsoro ba. Ƙafarsa na kan birki.

Bai ɗaga ta ba.

Ya sauke gilashi. Ya ce, "Salamu alaikum. Sannunku. Ku wuce a hankali."

Wata tsohuwa a layin ta ɗan rusuna masa.

Minti arba'in ya yi a wurin. Da ta ƙarshe ta tsallaka, ya ji hannu mai sanyi a kafaɗarsa ta hagu. Ƙarar bel ta ɗauke. Ya juya, ba kowa.

Washegari Lurwanu ya kunna masa hoton kyamarar motar a gaban sauran direbobi. Hanya fayau, minti arba'in cur, ga Tanimu ya karkace wuya yana gaida iska. Wasu suka yi dariya. Wasu suka tausaya masa, wanda ya fi dariyar ciwo.

"Me ya tsayar da kai?"

"Mutane ke tsallakawa."

"Ajiye makullin, Malam. Allah Ya ba ka lafiya."

Ya ajiye. Ya roƙe su abu ɗaya, duk wanda za a ba motar ya riƙa yin hon kafin karofi, ya kuma juya ya duba. Aka ce to, to, aka raka shi ƙofa.

Shatin hannun nan yana kafaɗarsa har yau, yatsu biyar, shuɗi. Ba sabulun da bai gwada ba. Ni da idona na gani ranar da ya cire riga zai yi alwala.

Motocin kuwa yanzu sun kai goma a hanyar, kuma ba mai yin hon. Shi ya sa kullum in la'asar ta yi sanyi za ku ga ya hau kekensa ya fita, ba aiki, ba albashi. Can yake zuwa ya tsaya a bakin kwana. In ya hango ɗaya tana sulalowa, sai ya juya wajen ramuka, ya tafa hannu, ya ɗaga murya: "Mota! Ku kama yara!"

Direbobi su wuce suna nuna shi da baki.

To, kun ji. Kada wanda ya kuskura ya bi ta karofi shi kaɗai da magariba. In kuwa ta kama dole, ku yi sallama da ƙarfi. Kuma daga yau kada in sake jin bakin ɗayanku a cikin masu yi wa Kawu dariya.