Sai Dai a Rubuto

"Kowa shi kwanta! Ƙasa!"

Rana tsaka ce, kan hanyar Gulma zuwa Argungu. Arzika, ogan 'yan fashin, ya tare motar albasa da bindiga. Direban, Isuwa, ya kai hannu zai kashe mota — Arzika ya harbe shi a ƙirji.

Jiniyar 'yan sanda ta taso. Sirajo, abokin fashinsa, ya rugo zai haye bayan babur ɗin da suka zo da shi. Arzika ya sa ƙafa ya ture shi, ya ja babur ya ɓace. Cikin gonar shinkafa aka kama Sirajo, laka har gwiwa. Shi ya nuna gidan da Arzika ke ɓuya a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi.

Shari'ar ta faɗo hannun Magdalena Nathaniel, lauyar gwamnati mai gabatar da ƙara a Birnin Kebbi. Wata safiya wani mai babbar riga ya shigo ofishinta, bai faɗi sunansa ba.

"Barista, daga sama anka turo ni. Arzika yaron manya ne. Ki janye ƙarag ga."

"Waye a saman?"

"Kin dai sani."

"Ban sani ba, Alhaji. Wanda doka ta ba ikon janyewa ya rubuto, ya sa hannu. Sai in miƙa wa alƙali."

Ba wanda ya rubuto. Ta kai rahoton ziyarar ga kwamitin da ke sa ido kan aikinsu. Aka buga hatimi, sai shiru. Abokan aiki suka daina cin abinci a teburinta. Ta tura 'yarta Shekinah wurin kakarta a Kafanchan, ta zauna gida ita kaɗai.

Ta je gidan yari ganin Sirajo.

"Madam, in na yi magana, wa ka tsare ni?"

"Zan roƙi kotu a raba ka da Arzika wurin tsarewa. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

"Ke hwa, wa ka tsaron ki?"

Ta rufe fayil ɗinta, ta miƙe.

Sirajo ya ba da shaida, bai kalli Arzika ko sau ɗaya ba. Aka yanke wa Arzika hukuncin kisa, Sirajo shekara goma sha huɗu.

A bakin kotu Inno, matar marigayi Isuwa, ta riƙe hannun Magdalena, sannan ta tafi neman motar Gulma. Magdalena ta tsaya bakin titi da fayil a ƙirji. Masu babur uku suka rage gudu, suka gane ta, suka wuce, ba mai son a gan shi da ita. Sai ta kama hanyar gida da ƙafa.