Irin Waken Kaka

A bayan garin Gaya, kan hanyar Tanda, wata yarinya tana da 'yar gayauna. Kakarta ce ta yanka mata ita a gefen gonarta.

Bara sun shuka auduga. Takin awaki kawai suka zuba, suna korar tsutsa da ruwan ganyen dogon yaro. Audugar ta yi kyau. Kaka ta kaɗa zare, aka saƙa wa yarinyar zane. Ai kuwa ta dinga yawo da shi kamar ita ta fara ɗaura zane a duniya.

Gab da damina aka aiko wa Kaka daga Tanda, ɗiyarta ta haihu. Kafin ta tafi, ta ba yarinyar ƙullin wake a tsumma. Ta ce shi za a shuka bana, don auduga ta shanye ƙarfin ƙasa, wake ne zai mayar mata da shi.

"Ki riƙe shi da kyau, 'yar nan. Irin uwata ne, babu shi a kasuwa."

Yarinyar ta ce to, amma a baki kawai. Ita zane na biyu take so. Ruwa na sauka, ta sake shuka auduga a wurin. Waken kuwa, don kada a gan shi, ta dafa, ita da ƙawayenta suka cinye da mai da yaji.

Audugar ta fito a tsumbure, ganye duk rawaya. Tsutsar bara da ta ɓuya a ƙasa ta fito ta tarar da abincinta. Ko cikin ƙwarya ba a samu ba.

Da Kaka ta dawo, ta daɗe tana kallon gayaunar. Sai ta tambayi wakenta. Yarinyar ta faɗi gaskiya.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan kunyar gonar.

"Auduga ai za a sake samu," in ji ta. "Irin nan kuwa shekara arba'in ina adana shi."

Da ma dukanta aka yi, da ya fi sauƙi. Yarinyar ta yi kuka, ta yi da-na-sani. Zanen ma ta ninke ta ajiye.

Kullum in an tashi lakwal, wato makaranta, sai ta bi gida-gida tana cigiyar irin. Sai da ta yi sati uku, sannan ta dace da wata tsohuwa, Zuliha, wadda Kaka ta taɓa ɗibar wa. Cikin tafin hannu ɗaya ya rage mata, ta raba biyu.

Kaka ta juya waken a hannu, ta shinshina, ta yi murmushi.

"Shi ne. To baɗi me za mu shuka?"

"Wake, Kaka. Ƙasa ma tana gajiya, sai an sauya mata shuka. Kuma ba a cin iri."

Da damina ta zagayo, tare suka shuka shi. Ya yi yabanya, har suka mayar wa Zuliha ƙwarya guda.