Hannun da Ke Ƙasa

Ni ban yi boko ba, 'yar maƙwabta ce ke rubuta mini wannan, na kuma gaya mata in ta tausasa mini magana ko ɗaya ban yafe ba. Ina so masu ƙungiyar ƙwallon kwandon nan su ji, da 'yan jaridar da suka buga wai kyaftin ɗinsu yana hutawa. Wane irin hutu? Ga shi can zaune a ƙasan falo, hannu a miƙe. Mijin 'yata ne, ba na kama sunansa, Kyaftin zan ce masa kamar yadda kowa ke faɗa. Labarin da zan ba ku kuma daga bakinsa na ji. Tun da kansa ya taɓu kullum sai ya maimaita shi, ya yi muryarsa, ya yi muryar bokan da ya je wurinsa.

Abin ya faro ne a hutun ƙarshen kaka. In ba ku sani ba, lokacin ne masu ƙungiya ke saye da sayar da yaran nan kamar awaki. Gwiwar Kyaftin ta riga ta tashi aiki, kwantiraginsa ya ƙare, aka fara raɗe-raɗin za a sallame shi a ba wani ɗan wasa da suke kira Bijimi shugabanci. Ya kwanta a gida yana kallon waya, waya ta ƙi ƙara. Mutumin da ya saba a yi masa tafi, shiru ya fi masa ciwon gwiwa zafi.

Da tsakar rana ya je wurin bokan, bayan wani tsohon garejin motoci. Ɗakin ba taga. Fitilar kwano ɗaya, jan ƙyalle a ƙasa, baƙar tukunya a tsakiya an rufe ta da fatar da bai gane ta wace dabba ba ce. Bangon kuwa tun daga ƙasa har rufi shatin tafin hannu ne da baƙin gawayi, manya da ƙanana, wasu a kan wasu. Bokan ɗan ƙaramin mutum ne fes da shi, yana zaune yana yanke farce.

"Gwiwa ce ta kawo ka ko aljihu?"

"Duka biyun."

"Faɗi gaskiya dai. Gwiwa rakiya ta yi."

Kyaftin ya ce, "Ni fa ba na son abin da za a zubar da jini. Ina da iyali."

"Mahauci ka gan ni? A wurin aikinku, akwai inda mutane ke ba ka hannu don kansu, ba ka roƙa ba?"

Sai ya ba shi labarin al'adarsu. Kafin kowane wasa sukan yi da'ira, kyaftin ya miƙa hannunsa a ƙasa, saura su jera nasu a kai, su yi kuwwa su ɗaga.

Bokan ya ajiye reza. "Shi ke nan. Wanda tafinsa ya sauka a bayan hannunka nawa ne. Kai ka ci ƙarfinsa duk kakar, ni in karɓi saura in kun tafi hutu."

"Saura kamar me?"

"Abin da ya saura."

"In na ce a tsaya fa?"

"Sai ka tara su a da'irar, ka gaya musu da bakinka abin da ka yi, kunnuwansu su ji. Ranar komai zai koma inda ya fito. Har gwiwar."

Kyaftin ya ce a ransa, 'yan wasa ai baƙi ne, bana suna nan baɗi an sayar da su. Ya tsoma hannu a tukunyar. Ruwan sanyi ƙarara, kuma a can ƙasa wani abu ya kama shi ya girgiza kamar ana gaisawa. Ya fito da hannun baƙi wuluk, ya manna a bango.

Da aka koma atisaye ya yi tsallen da ya sa koci ya cire hula. Aka sabunta masa kwantiragi. Kamfanin takalma ya manna fuskarsa a allunan bakin titi. Ya sayi wannan gidan mai dogon katanga da ƙofar ƙarfe, ya kwaso mu, ni da Autana, ya ce zaman haya ya ƙare. Duk kakar nan hannun Bijimi ne a kan nasa. Suka ɗauki kofi. Ana tafiya hutu hannun Bijimi ya fara ƙanjamewa, ƙaton da ke riƙe ƙwallo da yatsu ya kasa ɗaga kofin ruwa. Kafin a dawo an binne shi. Likita ya ce zuciya ce. Kyaftin ne ma ya yi jawabi, har da hawaye.

A hutun ne aka ɗauko Autana daga ƙaramar ƙungiya aka sa shi a tasu. Yaron nan tun yana rarrafe bangon ɗaki yake jifa da duk abin da ya samu, kuma ba wanda yake gani da girma a duniya irin mijin yayarsa. Wasan farko, da aka yi da'ira, wurin Bijimi ba wanda ya so ya shiga don kunya. Auta ya yi wuf ya ɗora nasa. Suka ci. Suka sake ci.

A falon nan, a gabana, Kyaftin ya ce masa, "Auta, daga gobe ka koma sama. Bari wani cikin baƙin nan ya sa a nan."

Auta ya yi dariya. "Haba Yaya, ana cin wasa za a canja jeri? Dogon nan namu tun farkon kaka bai wanke safarsa ba, duk mun haƙura da warin. So kake in taɓa jerin hannu su cinye ni ɗanye?"

"Ni ne kyaftin, na ce ka matsa."

"Koci ma ya ce wanda ya taɓa jeri sai benci. Ka je ka gaya masa."

'Yata tana guga ta ce, "Ka bar shi mana. Ƙaninka ne, wa ya fi shi cancantar wurin?"

Na ga bakinsa ya buɗe. Wallahi na gani. Maganar ta zo masa har leɓe. Amma a satin ne kamfanin takalma zai ƙara masa kwantiragi, sai ya haɗiye, ya ɗauki makullin mota ya fita. Kakar nan gaba ɗaya, wasa bayan wasa, yana miƙa hannu ɗana yana ɗorawa. Ƙofar fita tana gabansa, magana ce ta minti kaɗan, bai yi ba.

Suka sake ɗaukar kofi, aka tafi hutu. Ranar da cokali ya fara faɗuwa daga hannun Auta dariya ya yi, ya ce, "Inna, kin ga gajiya." Ni na koma ba shi abinci a baki. Yaron da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ni tsohuwa nake juya shi a gado da hannu ɗaya. Ya tafi da hantsi, yana tambayata ko Yaya ya dawo.

Wurin zaman makoki Kyaftin ya zauna kai a ƙasa, hannu a gwiwa. 'Yata, da aka yi wa mutuwar ƙani, ita ce ta ji tausayinsa. Ta matso ta ɗora tafinta a bayan hannunsa. Ƙarar da ya yi sai da mutane suka watse. Lokacin hutu ne, bokan bai da abin jira. Yanzu tana ɗaki, hannun dama a naɗe kamar busasshen ganye, ba ta san ni ba, ba ta san 'yar da ta haifa ba. Shi kuma daga ranar ya sauka ƙasan falo ya miƙa hannu. "Hannu, yara. Hannu." Sai ya ba bango labarin garejin daga farko.

Da mai ƙungiyar ya zo na tare shi a ƙofa. Na ce, "Ka kawo mini yaran nan su yi da'ira su ji. Abin da ya rage ke nan. Yana faɗa kullum, kunnuwansu kawai ake nema."

"Mama, ki yi haƙuri. Larura ce, likitoci na kai."

"Ai ka zauna ka ji shi da kanka, ko ba ka ji ba?"

Ya kalli takalminsa. "In maganar nan ta fita, kamfanoni za su janye. Kofunan ma sai an ce wani abu."

"Kofi ka haifa? Ni mutane na haifa."

Washegari ya turo mai gadi, wai don kada 'yan jarida su dame mu. Ya hana 'yan wasan zuwa, ya naɗa sabon kyaftin, aka yi hotuna ana murmushi. Albashi kuma yana shigowa, su a ganinsu sun toshe mini baki.

Ba zan iya tafiya in bar 'yata ba, kuma in aka nufi ƙofa da ita sai ta sanƙare kamar itace. Jikata ta fara tafiya. Duk wanda ya miƙa mata hannu da gudu take zuwa ta tafa, marigayi kawunta ne ya koya mata. Ubanta kuwa yini yake da hannu a miƙe, daidai tsayinta. Don haka a bayana take wuni, da ita nake girki, da ita nake wanka. Jiya na sunkuya ɗaukar tsintsiya zanin ya kwance, na cafko ta a bakin falo.

Ku samarin da kuka taɓa sa hannu a da'irar nan, ku ba awaki ba ne, kun san gidan. Ku zo ku ture mai gadin ku tsaya ku ji. Mai ƙungiya kuma, ni da kai sai gaban Allah. Duk wanda ke jin ana cewa ga arzikin da ba jini a ciki, ya tambayi hannun wa za a ɗora, don kwaɗayi ba ya cin baƙo ya ƙoshi, sai ya shigo gida. Ku yi sauri. Yarinyar nan nauyi take ƙarawa, bayana kuma ya tsufa.