Bakin Rigar da Ya Karkace

Tun daga bakin ƙofa ta gane rigar da ke hannunsa.

Ledar ma ba a ɗaure ta da kyau ba, farin leshin ya leƙo. Ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Allurata..." ya ce, kansa a ƙasa.

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

Ita kuwa Mai Zare take ce masa, don a shagonsa na tsallaken titi take sayen zare da zif. A can suka fara. Shi kaɗai ne bai taɓa kallon ƙafarta ta hagu ba in tana tafiya, ƙafar da ba ta kai 'yar'uwarta tsawo ba tun haihuwa.

Mamansa kuwa ƙafar kawai ta gani.

"Ba mai ɗingiso min cikin gida!"

Biki ya matso aka fasa. Aka aiko aka karɓe rigar amarcin da ta ɗinka wa kanta, wai ai su suka sayi yadin. Yanzu 'yar aminiyar Mama ce amarya.

"Ta gwada," ya ce. "Wai bakin a karkace yake. Hagu ya ɗage, dama na jan ƙasa."

"Teloli sun ƙare a garin ne?"

"Ta ce sai ke. Ta sa kuka... Mama ta rantse sai na kawo miki."

Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Kai kuma ka ɗauko. Sannu ɗan aike!"

Ta baza rigar a kan tebur. Bakin ya buɗe da kansa kamar lema, saboda kirinolin da ke ciki, ragar nan mai tauri da ake ɗinkawa a bakin riga. Kirinoli ba ya rufa asiri. In an karkace kaɗan, sai ya nuna wa duniya.

Shi ya sa ranar awo ta tsaya cikin takalman bikin, shi kuma ya durƙusa da rula, bakinsa cike da fil, yana aunawa daga ƙasa. Ta ɗan ɗaga dunduniya don ta daidaita, ya kama ta.

"Tsaya yadda Allah Ya yi ki, Madam. Rigar ce za ta bi ki."

Sau nawa ya soke yatsa ranar, tana masa dariya...

"Rigar nan lafiyarta lau," ta ce yanzu. "A jikina daidai take. Kai ka auna."

"Na sani."

Ta ɗauki alli, ta ja layi ta gefen dama, sama da kirinolin. Ta ajiye almakashi a gabansa.

"In aka yanke nan, ba za ta ƙara zama a jikina ba. Ko ka bar ta yadda take, ka je ka ce wa Mama mai riga ta karɓi abarta... ko ka yanke da hannunka."

"Zuciyata, wallahi ke nake so!"

"Ban tambaye ka wa kake so ba."

"Kin san hawan jinin Mama..."

Wayarsa ta ɗau ƙara a aljihu. Ba sai ya duba ba, ya san Mama ce. Kiran ya katse, ya sake shigowa.

Ta zuba masa ido. Addu'a take a ranta, ko da tana jin haushin kanta.

Ya ɗauki almakashin.

Ƙaras... ƙaras...

Guntun ya faɗi ƙasa, kirinolin ya nannaɗe kansa a gefen takalminta.

Kuka yake. Ita ba ta yi ba. Ta janyo sabon kirinoli, ta fara farke ragowar tsohon, don ba ta iya mugun ɗinki ba ko don maƙiyi.

"Jibi a aiko a karɓa. Kar ka zo da kanka."

Ya kai ƙofa, ya tsaya.

"Zare fa? In ya ƙare miki..."

"Akwai wani shago a ƙarshen layi."

"Da nisa ai. Ga kuma..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ne ya sauka kan ƙafarta ta hagu.

Ta ga saukarsa.

"Ja min ƙofar," ta ce, ta taka keken.