Baƙar Motar Ƙofar Kibo

"Ina makullin?"

Bahago ya ɗora bakin bindiga a kafaɗar tsohon. Malam Mika'ilu yana zaune a kan buzu a zaurensa, ƙafarsa ta dama a kumbure. Ita ta hana shi zuwa Juma'a, ita kuma ta fara ɓata wa su Bahago shiri. Sun zaɓi ƙarfe biyu saura ne saboda a lokacin duk mazan unguwar Ƙofar Kibo suna masallaci.

"Yana jikinta," in ji Malam. "Ba ma zare shi."

Su uku ne. Bahago shi ne oga. Labaran direba ne, wanda ke cika baki cewa babu motar da ba zai tayar ba. Na ukun ya naɗe fuska da rawani, ya ƙi yin magana. Muhsin ne, ɗan ƙanen Malam, wanda ya zana musu gidan a takarda.

Suka banƙare ƙofar garejin. Labaran ya yaye tamfol.

Mota ce baƙa wuluk, doguwa, fitilunta kamar manyan kwanoni. Ƙirar 1936. Mahaifin Malam ya saye ta a hannun wani Bature mai harkar auduga da zai koma ƙasarsu. Sau uku wani dillali mai suna Sharfaddeen yana zuwa neman ta, sau uku Malam yana ba shi ruwa ya sallame shi. Dillalin nan ne ya nemo Bahago.

"Wani babban mutum ne a Abuja," haka ya gaya musu a wurin mai shayi a unguwar Kongo. "Yana da irinsu goma sha huɗu a wani ɗaki mai sanyi. Ba ya hawa, kallo kawai yake yi. Irin wannan ba su kai ashirin ba a duniya, kuma ita kaɗai ce ba a taɓa sake wa fenti ba. Fentin shi ne motar. Kuka ƙwarzane ta, kun yi aikin banza. Zan jira ku da babbar mota a wajen ganuwa."

Labaran ya shiga ya murza makulli. Shiru. Ya sake murzawa.

"Oga, ba batir."

"Ya mutu tun bara," in ji Malam, wanda Bahago ya jawo har bakin gareji. "Da hannu ake tayar da ita. Ga ƙarfen can. Amma ka saki babban yatsanka, kada ka..."

"Rufe mana baki, tsoho."

Labaran ya zura ƙarfen a gaban injin, ya damƙe shi da ƙarfi, ya murɗa. Injin ya yi tari. Ƙarfen ya dawo baya — ƙas! Labaran ya durƙushe, ya rungume hannunsa. Wuyan hannun ya karye.

A cikin gida, Hassana 'yar Malam tana ɗakin girki, ta ji komai ta taga. Ta kashe risho, ta tsuguna bayan randa, ta kira 'yan sanda da murya ƙasa-ƙasa.

Insifeta Radiya ce ta ɗauka. Mutum biyu kawai suka rage mata a ofis, sauran sun tafi salla. Suka fito a guje, amma ko rabin hanya ba su yi ba motarsu ta tsaya. Sahu ya cika titi daga wannan gefe zuwa wancan, liman yana huɗuba.

"Ranki ya daɗe, ba hanya," in ji direbanta.

"Na gani ai." Ta daki ƙofar motar da tafin hannu. "Ku sauko. Da ƙafa."

A gareji, Bahago ya dubi agogo. Minti goma ya tsara, ga shi an ci ashirin.

"Kai," ya ce da mai rawani. "Ka ce ka taɓa gani ana yi. Tayar."

Muhsin ya matso. Ya gyara wani ɗan ƙarfe a jikin sitiyari, ya zagaya gaba, ya riƙe hannun tayarwar da yatsu huɗu, ya fizga sama sau ɗaya. Injin ya kama, yana gurnani a hankali.

Malam Mika'ilu ya daɗe yana kallon hannun.

"Mutum biyu na koya wa wannan riƙon," ya ce. "Ɗaya yana kabari. Muhsin, da me na rage ka?"

 Muhsin ya shiga ya kama sitiyari. Bahago ya tura Labaran baya, ya zauna a gaba.

"Mu ware."

Suka fito lungu. Katanga dama, katanga hagu. Muhsin yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Taka mana!"

"Ba ta son gaggawa, Oga."

Kwana ta farko suka wuce da ƙyar. A ta biyu Muhsin ya taka birki. Wani sabon dakali ne na siminti a ƙofar wani gida, ya ci kusan taku biyu na hanyar.

"Wannan fa?" in ji Bahago.

"Da na auna babu shi. Wallahi babu shi."

"Yaushe ka auna?"

"Kafin azumi."

Bahago ya rufe ido. Daga nesa suka ji an yi sallama. An idar da salla.

"Shige."

"Ba za ta wuce ba. Fentin..."

Bahago ya ɗora ƙafarsa a kan ta Muhsin, ya danna. Motar ta zabura — ƙiiii! Gefenta ya dare daga fitila har ƙofar baya. Ta maƙale tsakanin dakali da katanga, ba gaba ba baya. Ƙofofi huɗu, babu wadda za ta buɗu.

Mutane suka fara ɓullowa daga bakin lungu da dardumai a kafaɗa. Kowa a unguwar ya san motar, kowa ya san ba a fito da ita sai da Malam a ciki. Wani ya ce, "Ɓarayi!"

Bahago ya fasa gilashin gaba da gindin bindiga, ya fita ta kan injin. Muhsin ya riƙo rigarsa.

"Oga, kada ka bar ni. Sun san ni."

"Shi ya sa."

Tau! Harsashin ya shiga cikin Muhsin. Jama'a suka watse, Bahago ya bi ta tsakiyarsu, ya tsallake kwata, ya faɗa wani lungun, ya fito wani. Yana gudu yana kiran Sharfaddeen. Wayar a kashe.

Ya fito wajen ganuwa yana haki. Inda aka ce babbar mota za ta tsaya babu komai sai sawun taya da ɓawon rake. Sharfaddeen ya ji ƙarar bindiga ya fece.

"Ajiye ta."

Insifeta Radiya ce a bayansa, ta jiƙe da gumi, ɗan sanda ɗaya a kowane gefe. Bahago ya sake duban wurin da babu motar. Sannan ya saki bindigar.

Muhsin ya cika a hanyar asibiti. Malam Mika'ilu, da ƙafarsa a kumbure, shi ya ja sallar gawar, don babu wanda ya yarda ya shiga gaba. Labaran bai ƙara riƙe sitiyari ba. Shi da Bahago suna gidan yari, shari'arsu an ɗage ta sau tara. Sharfaddeen ba a gan shi ba har yau. Sunan babban mutumin na Abuja kuwa, Insifeta Radiya ta gano shi ta rubuta a rahotonta, aka dawo mata da rahoton aka ce ta sake rubutawa.

Sai da aka rushe dakalin kafin a ciro motar. Aka ja ta zuwa harabar ofishin 'yan sanda a matsayin shaida. Damina biyu ta yi a can. Fatar kujerun ta tsattsage, kaji suna ƙwai a bayanta.

Duk ranar Alhamis Malam yana zuwa da sandarsa, Hassana tana riƙe da shi. Tambayarsa ɗaya ce.

"Insifeta, yaushe?"

"Sai an gama shari'a, Baba. Ka yi haƙuri."

A zuwansa na ƙarshe ya tarar wani kurtu ya shanya safarsa a kan fitilar. Ya tsaya yana kallo. Radiya ta miƙe za ta yi wa kurtun faɗa.

"Ƙyale shi, 'yata," in ji Malam. "Shi dai ya sami abin da za ta yi masa."

Ya juya ya ce da Hassana su tafi gida.